Yadda na zaɓi sababbin farantan gidanmu

Farantan da muke cin abinci a ciki sun daɗe da zama haɗin gambiza. Daga saitin farko 'yan kaɗan ne suka rage, sauran duk tsintattu ne, wannan fari, wancan mai fure, wani babba wani ƙarami, ba su ma yarda su zauna a kan juna idan an jera. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Abin da ya tayar min da hankali shi ne wasu siraran tsagu da suka bazu a fuskar tsofaffin, kamar saƙar gizo-gizo, waɗanda a hankali suka rine suka yi duhu. Ko na dirje da soso da sabulu, layukan suna nan, kuma idan na zuba abinci mai zafi sai in ji wani ɗan warin tsohon mai yana tasowa. Ranar da na tabbata daga jikin farantin warin yake fitowa, na ce wa maigida lokacin canji ya yi.

Kafin in leƙa ko'ina, tef ɗin awo na ɗauka na shiga kicin. Farantin cin abinci na yau da kullum faɗinsa yakan kama daga santimita 26 zuwa 28, amma akwai na yayi da ke kai 30 har su wuce, alhali kabad ɗin da ake kafawa a bango zurfinsa galibi bai wuce santimita 30 ba, kuma idan aka cire kaurin katako da na ƙofa abin da ya rage a ciki bai kai haka ba. Na auna cikin kabad, na auna tiren da ke juyawa cikin na'urar ɗumama abinci, na auna ragar da muke kife kwanuka bayan wanke-wanke. Duka ukun suka nuna min kada in wuce 27. Wannan awon kaɗai ya kore min kusan rabin abin da na riƙa gani ina sha'awa a hotuna.

Daga nan na kira yayata, wadda ta yi shekaru tana aiki a kicin ɗin otal, inda faranti ke shan wanki sau da dama a wuni guda. Ina fara lissafa mata launukan da nake so ta katse ni.

"Ke dai bar maganar launi tukuna. Duk farantin da kika ɗauka, ki juya shi ki duba gindinsa. Fuska kowa ya iya gyara ta."

"To Yaya, me zan gani a gindin?"

"Akwai wani zobe da yake zama a kansa, wanda ba a shafa wa komai ba. Nan ne kaɗai za ki ga ainihin ƙasar da aka yi shi da ita."

Na ɗauko ɗaya daga cikin masu tsagun nan na juya. Zoben launin ƙasa-ƙasa ne, da kaushi. Ta ce in ɗiga masa ruwa. Ina ɗigawa ya shanye, wurin ya yi duhu. Ta ce to ga amsar warin da nake ji.

Bayanin da ta yi min, wanda na bi diddiginsa daga baya, shi ne wannan. Kusan duk farantin da muke kira tangaran daga yumɓu aka yi shi, bambancin yana ga irin yumɓun da kuma zafin wutar da aka gasa shi. Wanda aka gasa a ƙaramar wuta, wajen digiri 1000 zuwa 1150, jikinsa bai gama haɗewa ba, cike yake da ƙananan kofofi. Abin da ke tsare shi daga ruwa shi ne shafen nan mai sheƙi da ke samansa, wanda a gaskiya siririn gilashi ne da aka narkar a kai. Ruwa yana shiga ta zoben gindi ko ta inda baki ya ɓantare, jikin ya ɗan kumbura, shafen kuwa ba ya miƙewa, sai ya tsattsage. Da zarar ya tsage, mai da miya da ruwan wanke-wanke duk sun sami hanya, kuma babu soson da zai bi su ciki. A kwalinsa za a ga an rubuta earthenware. Shi ne ya fi araha, shi ne kuma ya fi karɓar launuka masu haske, shi ya sa yake saurin jan ido a kan kanta.

Na biyu shi ne wanda ake gasawa a digiri 1200 zuwa 1300, har jikinsa ya haɗe ya yi tauri, ruwan da yake sha bai taka kara ya karya ba. A kwali stoneware ake rubutawa. Yana da kauri, yana da nauyi, kuma yawancin farantan yayi masu launin toka ko shuɗi mai duhu irinsa ne. Na uku shi ne tangaran na asali, porcelain, wanda ake yi da farin yumɓu mai suna kawolin haɗe da wasu duwatsun da aka niƙa, a gasa shi har zuwa digiri 1400. A wannan zafin jikin kansa yake komawa kusan gilashi. Mutanen Sin ne suka gano shi, garin Jingdezhen ya yi ɗaruruwan shekaru yana cika duniya da shi, Turawa kuwa suna saye da tsada ba su san sirrin ba, sai da aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus a 1710. Akwai kuma ɗan'uwansa da Ingila ta fito da shi, bone china, wanda Josiah Spode ya daidaita haɗinsa a Stoke-on-Trent a shekarun 1790. A haɗinsa na gargajiya kusan rabi tokar ƙashi ce, galibi ƙashin shanu da aka ƙone, kuma ita ce ke sa a iya yin sa siriri sosai amma ya yi ƙarfi. Na yi mamakin wannan, don ni a da ina auna ƙarfin faranti da kaurinsa ne, ashe mai kaurin da bai ji wuta ba ya fi siririn da ya gasu saurin ɓantarewa.

Da wannan ɗan sanin na fara shiga shaguna, kuma hannuna ya fi idona aiki. Idan na ɗauki faranti sai in ɗora shi a kan yatsuna in ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Wanda ya gasu sosai yakan yi ƙara mai tsawo, ting, ta ɗan jima tana amo kafin ta mutu. Mai ɗanyen gashi ko mai ɓoyayyen tsagu sai ka ji ƙwas, shi ke nan. Sannan in kunna fitilar waya in manna a bayansa: siririn tangaran na asali da mai tokar ƙashi haske yana ratsa su har ka ga inuwar yatsunka, sauran kuwa ko alama. Sai in shafa zoben gindi in ji ko yana da santsi. Wani mai shago ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Hajiya, da alama kin taɓa sayar da kayan nan." Na ce masa a'a, amfani da su zan yi, kuma ni zan wanke su.

Na tsaya a kan na melamin ma, waɗannan masu kama da tangaran amma roba ce mai tauri. Ba su da nauyi, ba sa fashewa da sauƙi, ga gidan da ke da yara kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba a sa su a na'urar ɗumama abinci, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa abinci mai tsami idan ya yi zafi sosai yana ƙara fitar da sinadarin daga jikinsu zuwa cikin abincin. Wuƙa kuma tana karce su, su dushe. A gidan da kullum wani yana dawowa a makare ana ɗumama masa abinci, na san ba za a iya kiyaye wannan dokar ba. Na duba na gilashi irin Corelle, wanda kamfanin Corning na Amurka ya fito da shi a 1970, gilashi ne hawa uku da aka manne da zafi. Sirara ne ƙwarai, guda goma sha biyu ba su kai tudun guda shida na masu kauri ba, kuma suna jure faɗuwa. Sai dai shi gilashin da aka taurara ta wannan hanya, ranar da ya ga dama ya fashe, tarwatsewa yake yi zuwa ƙananan tsinke masu kaifi da ke watsuwa ko'ina. Ina da mai rarrafe a gida, don haka na ajiye shi, duk da cewa ya burge ni.

Inda na fi daɗewa a tsaye shi ne gaban wani saiti mai furanni ja da ruwan lemo, bakinsa da zaren zinare. Kyakkyawa ne na gaske, har na fara hango shi a kan teburinmu. Na bi furen da ɗan yatsa, sai na ji tudunsa, kuma da na karkata farantin wajen haske na ga sheƙin furen ya bambanta da na sauran wurin. Wannan na nufin a saman shafen gilashin aka ɗora zanen, aka sake gasawa a ƙaramar wuta, babu abin da ya raba fentin da abinci. Zanen da ke ƙarƙashin shafen ko wanda ya nutse a cikinsa, idan ka shafa ba za ka ji komai ba sai santsi. Na saman shi ne cokali da soso ke kankarewa a hankali, kuma kowa ya san inda abin da aka kankare yake zuwa.

Wannan batun na ɗauke shi da muhimmanci saboda dalma. An daɗe ana sa dalma a shafen tangaran don tana sa shi narkewa a ƙaramar wuta kuma ya yi sheƙi mai kyau, sannan ana amfani da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, wajen fitar da ja da ruwan lemo da rawaya masu haske. Abinci mai tsami, irin mai tumatir ko lemun tsami, yana iya jawo su daga jikin faranti, musamman idan ya jima a ciki ko aka ɗumama shi a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi kowa shan wahalarta. Ba ina cewa duk faranti mai fure guba ba ne. Kamfanoni da yawa suna gwada kayansu suna bin ƙa'ida, akwai kuma fenti masu launi da babu dalma a ciki. Amma wannan saitin da na juya shi babu sunan kamfani, babu ƙasar da aka yi shi, babu ko kalma ɗaya da ke cewa an yi shi don cin abinci. Ga kuma zaren zinaren, wanda ƙarfe ne, idan ya shiga na'urar ɗumama abinci tartsatsi zai yi. Na mayar da shi inda na ɗauko. Tun daga ranar duk farantin da babu tambari a gindinsa ba na ɓata lokaci a kansa.

A gida kuwa ra'ayi ya rabu. Maigida ya ƙyalla ido a kan masu kaurin nan, launin toka mai duhu, marasa sheƙi. Ya ce sun fi kama da kayan manya, fari kuma kamar na asibiti. Ni hankalina ya fi kwanciya da farin tangaran. Maimakon mu yi ta ja-in-ja, sai na sayi guda ɗaya na kowanne, da wani mai tokar ƙashi, muka sa su cikin aikin gida kamar sauran. A duk cikin wannan hidima babu abin da ya amfane ni kamar wannan gwajin.

Mai duhun ya yi kyau a kan tebur, ban musa ba, abinci mai haske yana fitowa ras a kansa. Amma tun cin farko muka ji ƙarar cokali a jikinsa, wani ƙiii da ke sa haƙori tsami, saboda shafen da ba shi da sheƙi yana da ɗan kaushi. Wannan kaushin kuma yana cin ƙarfen cokali da wuƙa, sai ga layuka masu ƙyalli sun fara bayyana a tsakiyarsa. Suna fita idan an goge da hodar wanke tukwane, amma kullum sai sun dawo. Idan ya bushe kuma tabon ruwa yana zama a kansa. Sai nauyi: babbar 'yata, wadda ke taya ni wanke-wanke, ta riƙe shi da hannu ɗaya cikin kumfa ta ce, "Umma, wannan idan guda takwas ne wa zai ɗaga su zuwa kabad?" Maigida da kansa ya ɗauka ya jinjina, ya ce a bar shi ya zama na ɗora 'ya'yan itace.

Mai tokar ƙashin ya fi duka daɗin riƙewa, ba nauyi, farinsa mai ɗumi ne kamar madara. Da kuɗi ba sa magana, da shi zan ɗauka. Amma tsadarsa ta sa na san duk ranar da yaro ya saki guda ɗaya raina zai ɓaci fiye da kima, ni kuwa ba na son farantin da zai sa in riƙa yi wa yara tsawa a kan abinci. Farin tangaran na asali ya tsaya tsakiya: cokali na zamewa a kansa shiru, mai na fita da wanki ɗaya, miya mai launi ba ta rina shi ba, ya shiga na'urar ɗumama abinci ya fito abincin da zafi shi kuwa bakinsa ana iya riƙewa.

Saura siffa, kuma nan ma akwai abin dubawa fiye da yadda na zata. Akwai faranti mai faffaɗan baki, akwai wanda babu baki sam, ya ɗan lanƙwaso sama kawai. Mai baki yana ba ka wurin ɗora babban yatsa ba tare da ya shiga abinci ba, amma bakin yana cinye fili: farantin santimita 27 mai bakin santimita 4 abin da ya rage na zuba abinci 19 ne kacal. Marar baki kuwa duk faɗinsa wurin abinci ne, sai ka ga abin da ka saba ci ya zama ɗan mitsitsi a tsakiya, hannu ya ƙara kai ludayi. Wannan ruɗin ido sananne ne, wani masani ɗan Beljiyam mai suna Joseph Delboeuf ya bayyana shi tun 1865: da'ira ɗaya takan yi kamar ta ƙanƙance idan aka kewaye ta da wata babba. Na zaɓi mai matsakaicin baki, kimanin yatsu biyu, da ɗan zurfi a tsakiya yadda miya ba za ta gangaro ba idan yaro ya ɗauko daga kicin.

Sai maganar saiti. Kwalin da aka fi sayarwa mai guda 16 ne: manyan faranti huɗu, ƙanana huɗu, kwanuka huɗu, kofuna huɗu. A ido yana da sauƙi, amma mu mun fi huɗu, idan na sayi kwali biyu zan tashi da kofuna takwas da ba na buƙata, kuma ranar da faranti biyu suka fashe ba mai sayar min da guda biyu. Yayata ta ce otal ba sa sayen kwali, ɗai-ɗai suke saye daga samfurin da kamfani ke ci gaba da yi shekara da shekaru, kuma irin nasu ana ƙara wa bakin kauri kaɗan ta ƙasa, don nan ne ke fara ɓantarewa. Na nemi irin wannan na samu. Na tambayi mai shagon, "Malam, idan na dawo baɗi neman guda biyu, zan samu?" Ya ce samfurin ya daɗe a kasuwa kuma kullum suna kawo shi, ya nuna min lambarsa a gindi. Na ɗauki hoton tambarin da lambar na ajiye a waya.

Na sayi manya goma sha biyu, ƙanana masu santimita 21 goma sha biyu, da kwanuka masu zurfi takwas. Yawan ya wuce mutanen gida da gangan, saboda baƙi da kuma wanda zai fashe. Ban yarda an naɗe min su a rufe ba. Na roƙi a ba ni wuri a gefen kanta, na duba su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na ƙwanƙwasa, na karkata shi wajen haske ina neman 'yan ramuka irin na bakin allura a cikin shafen, na ajiye shi a kan gilashin kanta na danna gefe in ga ko yana rawa. Sannan na jera su na duƙa na kalli jerin ta gefe, don faranti yakan ɗan karkace a cikin wuta, kuma a jeri ne tazarar da ba ta daidaita ba ke fitowa fili. Na ware 'yan kaɗan, aka canza min ba tare da gardama ba.

Da na kawo su gida na wanke su da ruwan ɗumi, sannan na bi zoben gindin kowanne da lallausan sanfefa, 'yan shafawa kaɗan, saboda wannan zoben da ba shi da shafe shi ne ke karce fuskar farantin da ke ƙarƙashinsa idan an jera. Na raba su jeri biyu a kabad maimakon tudu ɗaya mai tsawo, manyan a hawa na ƙasa inda yara za su kai ba sai sun yi ɗage ba. Dokar da na kafa guda ce: kada a fito da faranti daga firji a zuba masa abu mai tafasa, kada kuma a tsoma mai zafi cikin ruwan sanyi, don sauyin zafi na farat ɗaya yana tsaga ko da tangaran mai kyau. Tsofaffin masu tsagu na cire su daga harkar abinci gaba ɗaya, ban kuma bayar da su ga kowa ya ci a ciki ba, tun da abin da na ƙi wa 'ya'yana bai kamata in miƙa wa na wani ba. Suna ƙarƙashin tukwanen fure yanzu suna tare ruwa.

Abin da ya rage min shi ne manyan tasoshin kawo abinci tebur, kuma a nan na gano fari ma kala-kala ne. Farin tangaran na asali yana ɗan karkata zuwa shuɗi ko toka, na mai tokar ƙashi yana karkata zuwa ruwan madara, a ƙarƙashin fitilar shago duk ɗaya suke, sai an fito da su hasken rana ka ga ɗaya ya sa ɗaya ya yi kamar bai wanku ba. Samfurin da na saya ba su da babbar tasa mai murfi, don haka yanzu idan zan fita nema ina sa ƙaramin faranti ɗaya a jaka, in roƙi mai shago ya bar ni in kai su bakin ƙofa in haɗa su in gani.